Takaicin da Na Rubuta wa Mahautan Bawku

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sa Bature ya ji tausayin mahautan Bawku, ko da yake shekaru sun ja, kuma mai yiwuwa ne na cakuɗa abin da ya faru da abin da aka riƙa faɗa daga baya. Ina jin da damina ne, kafin yaƙin duniya na biyu. (Matata ta ce da bazara ne. Ba ta garin a lokacin, amma ba na musu da ita.)

Ni ɗan Salaga ne, jikan fataken goro. Na gama makaranta a Tamale, na ɗan zauna a Yendi, sannan aka turo ni Bawku aikin akawu a ofishin Disi, wato Baturen da ke mulkin yankin. Na sauka a gidan Sarkin Pawa, Baba Ɗanjuma, dattijo mai ƙaton jiki wanda ya riƙe ni kamar ɗansa. Halina kuwa, ba na iya cewa e ko a'a sai na kewaye su da wataƙila.

Wata rana Disi ya aiko wa mahauta cewa zai gina musu mayanka ta siminti da rumfuna masu rufin kwano, in dai za su tashi daga gindin tsohuwar tsamiyar da ke tsakiyar kasuwa su koma bakin gari. Ya ce yana son amsarsu a rubuce, da Turanci. Baba ya tara mutanensa a zaure, ya sa aka kira ni da alƙalamina.

Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, ya ce, “Ɗana, rubuta masa mun yarda. Amma ka nuna masa ranmu bai so ba. A gindin tsamiyar nan ubana ya koya mini riƙon wuƙa.”

Wani dogon mahauci mai suna Mamman ya goge ido da hannun riga, ya ce, “Ga shi can babu ruwa kusa, Baba.”

“Babu ruwa,” in ji Baba, yana kallona. “Ka gane ko, ɗana?”

Na ce na gane. Wallahi ban gane ba. Ashe mutanen nan sun fi kowa son rumfunan. Ruwan sama na lalata musu nama, ungulaye na yi musu kashi a kan faifai, tsamiyar ma sun gaji da ita. Sai dai mahauci ba ya nuna yana son sā a gaban mai sā. Sai ya taɓe baki, ya ce ƙafarsa ta rame, ya yi kamar zai tafi, har a kira shi a ƙara masa wani abu. Abin da suke so a ƙara musu rijiya ce. Ni da na tashi ina kallon kakana yana kushe goron da yake mutuwar so, ni ne na zauna ina jin tausayinsu.

Turawa suna da hanyarsu ta amincewa cikin nadama, gajeriya ce kuma mai sanyi: mun karɓa, ko da yake ba da son ranmu ba. Layi ɗaya. Na rubuta shi, na duba, na ga ya yi wa hawayen Mamman kaɗan. Na ƙara maganar uban Baba da wuƙarsa. Sai na ji tsoro kada Disi ya ɗauka tawaye ne, na ƙara ban haƙuri. Sai na ga ban haƙurin ya danne baƙin cikin, na ƙara baƙin ciki: tsofaffin da ƙafafunsu ba za su kai su bakin gari ba, inuwar da za ta zama marainiya, zukatan da ba za su sake warkewa ba. (Wannan na ƙarshe ba wanda ya faɗa. Daɗinsa na ji a Turanci.) Kafin in gama, “mun yarda” ta koma can ƙasan shafin ƙarshe, an matse ta tsakanin “ko da yake” guda biyu. Maganar ruwa kuwa cire ta na yi gaba ɗaya, don na ga kamar za ta yi kama da kwaɗayi.

Ranar kasuwa sai ga Disi da kansa a gindin tsamiya, ni a bayansa ina yi masa tafinta. Mahauta suka jeru, Baba ya sha babbar riga, kowa ya ɗaure fuska kamar gidan makoki. Jama'a suka taru, har da matan ƙabilar Kusasi masu sayar da gero da fataken Mosawa masu jakai.

Disi ya fito da takardata, ya ce bai taɓa karanta rubutun da ya taɓa masa zuciya haka ba. Na fassara da ƙarfi, har da ɗan gyaran murya. Baba ya gyaɗa kai, ya ƙifta mini ido. Sai Disi ya ci gaba da cewa shi ba azzalumi ba ne, ba zai raba tsofaffi da bishiyar iyayensu ba. Su yi zamansu. Siminti da kwanon rufin zai kai su wani gari.

Na shiga laluben yadda zan fassara wannan.

“Me ya ce?” in ji Baba.

Na ce, “Baba, wataƙila... ta wani ɓangaren dai... kamar yana nufin...”

“Kai, akawu! Faɗi magana!”

Na faɗa. Mamman, mai hawayen nan, shi ya fara magana: “Rijiyar fa?”

Na ce ban sa ta ba.

“Ba ka sa ta ba? To me ka cika takarda har shafi-shafi da shi?”

Disi ya riga ya juya wajen dokinsa. Sai na ga abin da Bawku ba ta taɓa gani ba: Sarkin Pawa ya tattare babbar rigarsa, ya bi Bature da sassarfa yana cewa, “Muna so! Wallahi muna so! Ɗana, gaya masa muna so, kuma kada ka ƙara masa ko gishiri!”

Na gaya masa. Disi ya dubi Baba, ya dubi mahautan da duk suka ɗaga hannu, ya dubi takardar, sannan ya dube ni. Ya tambaye ni a natse, to in haka ne, wane ne wannan da zuciyarsa ba za ta sake warkewa ba?

Na rantse na nemi ƙasa ta tsage in shige. Kuma saboda tsabar bin ƙa'ida, sai da na fassara wa jama'a tambayar da Hausa, sannan na amsa da harsuna biyu cewa mai yiwuwa ni ne. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta yi dariya har ta kifar da tirenta.

An gina mayankar, an yi rumfunan. Rijiya kuwa ba a haƙa ba, don wanda ya bi mai sā da gudu ba shi da bakin neman ƙari. Shekara da shekaru mahauta suna ɗauko ruwa daga nesa, kuma duk wanda ya wuce ni da tulu sai ya ce, “Sannu, Malam Mai-takaici, zuciya ta warke?” Baba bai kore ni ba. Ya dai ce, “Ɗana, an ce ka sa yaji, ka juye tukunyar barkono.” Har yau ina ganin shi ma da nasa laifin, don da ya ce mini wasa ne, da na rage. Wataƙila.

Tun daga nan, duk wanda ya ce in rubuta masa ya yarda amma ransa bai so ba, sai na ajiye alƙalami na tambaye shi me yake so a ƙara masa. In akwai wanda ya halarci kasuwar ranar kuma ya ga na yi kuskure a wani wuri, don Allah ya aiko mini da gyara. Zan karɓa, ko da yake ba da son raina ba, kuma a layi ɗaya.