Rasuwar Shafin Sinadarai na 'Yan Aji Shida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai kwanta ba, malamar da kwaleji ta turo koyon aiki take sanar da rasuwar shafinta na darasin kimiyyar sinadarai. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi a ɗakin kwamfuta, yana da mako goma sha ɗaya a duniya.

An haifi marigayin a kwamfuta ta uku daga bakin taga, ranar da malamar ta yaye ƙyallen da aka lulluɓe ta da shi shekara biyu. Ta tarar 'yan aji shida ba su da malamin sinadarai tun bara. Kowa a ɗakin malamai ya sani, ba wanda abin ya hana shan shayi. Ita ta zauna ta ɗora masa darussa arba'in, da tambayoyin jarrabawar baya, da muryarta tana bayani dalla-dalla, don in ta tafi ya tsaya a madadinta.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa makara ba, bai taɓa miƙa wa monitan aji littafi ya kwafe a allo shi ya tafi hira ba. Wanda ya amsa daidai ya ce masa "ƙililin", wanda ya kuskure ya ce "ɗum", ya sake tambaya ko sau ashirin ne, ba zagi ba bulala.

Ajalinsa ya biyo ta hannun Malam Mai Makulli, mai kula da ɗakin, wanda tun farko ya hana a kwafe shafin a filas ɗin ajiyar bayanai, wai kada a shigo da cuta. Da aka ji masu duba makarantu na tafe, sai ya kira mai gyara ya ce a goge komai, kwamfutoci su koma fes kamar ranar da aka kawo su. Aka goge. Baƙi suka yi minti huɗu, suka yaba da tsabta, suka sa hannu. Da malamar ta same shi da maganar, cewa ya yi ƙuruciya ke ɗibarta, su ma da zafin nan suka fara, kuma ta gode Allah ba abin da ya fashe. Shugaban makaranta ya ba ta haƙuri, ya ce ta kawo a rubuce.

Ya rasu ya bar ɗalibai sittin da uku da jarrabawarsu ta rage mako uku, da uwa ɗaya da wa'adinta ke cika ranar Juma'a, da 'yan'uwa kwamfutoci goma sha tara waɗanda ke cikin ƙoshin lafiya saboda ba a taɓa kunna su ba.

Babu gawa, don haka babu wanka. Za a yi zaman makoki a aji shida bayan an tashi, daga yau zuwa Juma'a, inda uwar marigayin za ta rubuta a allo abin da ta iya tunawa. Ta san darussa arba'in ba za su shiga kwana uku ba, za a fara da waɗanda suka fi fitowa a jarrabawa. Masu ta'aziyya su zo da littafi da biro. Daga malamai kuwa ba a karɓar "sai haƙuri". Duk wanda mutuwar ta taɓa da gaske, ranar Litinin ƙarfe takwas yara sittin da uku za su zauna, gaban allo babu kowa.