Nomau da Lambatun Tudun Kaba

A unguwar Tudun Kaba, can gefen birni, akwai wani mutum wai shi Nomau. Gidansu mutum uku ne: shi, da matarsa Tabawa mai sayar da daddawa, da tsohuwarsa Iya Kande. Nomau ba ya ƙarya, ba ya faɗa, sai dai duk abin da aka faɗa masa, yadda ya shiga kunnensa haka yake aikata shi. Gidan nasu kuwa yana bakin wani babban lambatu da ya shekara bakwai a toshe. Kowace damina sai ruwa ya shiga ɗakunan mutane.

Wata rana mai unguwa Jibo ya ce, "Kowa ya gaji da zirga-zirga. Nomau, kai ba ka gajiya, je ka sakatariyar ƙaramar hukuma ka kai kukanmu." Nomau ya je ya zauna a bakin ƙofa, ya ɗora hannu a ka, ya fashe da kuka. Ma'aikata suka fito. Mai gadi ya ce, "Subhanallahi! Wa ya rasu?" Nomau ya ce, "Ba kowa tukuna." Aka kore shi da sanda.

Wata rana aka rubuta takardar koke, kowa ya dangwala yatsa, Nomau ya miƙa wa akawu. Bayan wata guda ya koma jin bayani. Akawun ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Tana kan hanya." Nomau ya fito ya shiga bin titi yana tsintar takardu. Kwana uku yana nema. A rana ta huɗu ya dawo da murna, ya ce wa mai unguwa, "Baba, akawu ya yi gaskiya. Ga ta, a bakin hanya na same ta, wajen mai ƙosai." Takardar ce kuwa, duk ta jiƙe da mai, ga yatsun mutane a jere. Babu wanda ya yi dariya.

Wata rana Kansila Lawwali ya zo ta'aziyya unguwar, mutane suka tare shi da maganar lambatu. Ya ce, "Ku dai ku zuba ido, za ku ga aiki." Nomau ya ɗauko kujera ya zauna bakin lambatu, ya ƙura masa ido. Hadari ya haɗu, ruwa ya kece, yana zaune. Tabawa ta fito da gudu tana ihu, "Malam, ruwa ya ci ɗakin Iya! Zo mu yashe!" Ya ce, "Kansila ya ce a zuba ido." Bai tashi ba sai da ya ji rugujewar katanga. An ciro Iya Kande da rai, amma ƙafarta ta karye. Nomau ya goya ta har gidan mai ɗori, yana tafe yana cewa, "Iya, wallahi ko ƙiftawa ban yi ba."

Wata rana aka ce shugaban ƙaramar hukuma zai kawo ziyara. Kansila ba ya so baƙi su ga ɓarna, sai ya sa aka share hanyar baya mai kewayawa. Ya ɗora Nomau a kan keke ya ce, "Kai ba ka da surutu. Shiga gaban motoci, ka kai su gidan mai unguwa kai tsaye. Ka ji? Kai tsaye!" Nomau ya duba, ya ga hanyar da aka share duk kwana-kwana ce. Sai ya miƙe sak. Ya saɓa kekensa a kafaɗa ya ratsa ruwan lambatu, yana yafito direba. Direba ya ɗauka ruwan ba zurfi, ya biyo shi. Mota ta nutse har ƙofa. Shugaba ya fito da farar babbar riga, ya faɗa cikin baƙin ruwa har ƙugu, jama'a na kallo daga kan rusassun katangu.

'Yan sanda suka kama Nomau. Suka ce, "Wa ya sa ka?" Ya ce, "Kansila."

Kwana biyar ya yi a tsare. Ranar da aka sake shi ya tarar da katafila tana yashe lambatu, Iya Kande na zaune a ƙofar gida da sandarta tana kallo. Nomau ya durƙusa gaban mai unguwa ya ce, "Baba, laifi na yi ko?"

Jibo ya ce, "Ka yi, Nomau. Laifinka shi ne ba ka yi haka tun bara ba."