Nomau da Banɗakin Alhaji Mamuda

Ku matso in ba ku labarin Nomau, mutumin Rafin Kanya, wanda muka yi zaman haya gida ɗaya da shi a Funtuwa shekarar da na gama bautar ƙasa. Nomau yana aiki a injin niƙa na bakin tasha. Dogo ne, mai sanyin murya, mai yawan kallon sama, kuma halinsa guda ne: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Hansai ta san da haka sarai, sai dai takan manta. A haihuwarta ta fari, da za ta tafi gida wanka, ta ce masa cikin wasa, "To, sai ka yi ta shan gari har in dawo." Wata bakwai ta yi a ƙauye. Wata bakwai Nomau yana shan gari, maƙwabta na aiko masa da tuwo yana mayarwa da godiya. Ranar da ta dawo sai da ta zagaya shi sau biyu kafin ta gane shi.

Yanzu ga ciki na biyu ya tsufa, yarinyar farko tana wurin kakarta tun yaye, kuma ba abin da Nomau ke tsoro irin a sake ɗauke masa Hansai. Surukarsa, Inna Tabawa, ta aiko cewa Juma'a ta sama za ta zo ta duba inda 'yarta za ta yi wankan jego. In wurin ya yi mata, Hansai ta haihu a ɗakinta. In bai yi ba, su juya tare a motar kasuwa.

To, banɗakin shi ne matsalar. Mai gidan, Alhaji Mamuda, da ragowar kayan gine-ginensa ya haɗa shi. Masai ruwan hoda kamar alawar yara. Kwanon wanke hannu kore shar. Tayil ruwan goro daga ƙasa zuwa ƙugu, daga nan zuwa rufi kuwa siminti ne tsirara. Hansai ta ce in ta shiga sai ta ji kamar 'yan kasuwa uku ne ke ja-in-ja a kanta, har jiri ya kwashe ta. "Kwana arba'in, safe da yamma, a cikin wannan? Maigida, ka nemo fentin da zai sasanta su." Ni kam ina da dabaru sun kai ashirin a kan bangon nan, har zane na yi a bayan littafi, amma na riga na koyi kame baki a gaban Nomau.

Wata rana Hansai ta ce, "Je ka wurin Isiyaku mai fenti ka nuna masa koren nan, ya gani da idonsa." Nomau ya ce to. Ya ari sufana wurin mai gyaran babur, ya kwance kwanon wanke hannun daga bango, ya naɗa gammo, ya ɗora a ka, ya ratsa kasuwa a hankali kamar mai tallan nono. A bayansa kuwa bututu ya yi ta feshi, tsakar gidanmu ta zama tafki, silifas ɗinmu suna yawo a kai kamar jiragen ruwa.

Isiyaku ya dubi kwanon, ya dubi Nomau. "Ai hoto za ka ɗauko a waya."

"Ba a ce hoto ba. An ce da idonka."

"Allah ya taimake ni matarka ba ta ce in ga masan nan naku ruwan hoda ba."

"Gobe in kawo maka shi?"

"A'a. Zauna ka sha ruwa."

Da yamma Alhaji Mamuda ya iso gidan ya naɗe ƙafar wando, ya tsaya har mai gyaran famfo ya mayar da kwanon. Ya nuna Nomau da carbi. "Bango naka ne, shafa abin da ka ga dama. Amma duk abin da ke cikin banɗakin nan, in ba bango ba, kada hannunka ya sake taɓa shi." Nomau ya ce to. Tun daga ranar da haɓa yake buɗe famfo.

Wata rana Isiyaku ya zuba masa fenti kala huɗu a murafan kwalba, ya ce, "Ba a zaɓar launi a tsaye. Ka shafa kaɗan-kaɗan, ka zauna ka kalle su da hasken safe, da na rana, da na yamma, har sai zuciyarka ta kwanta da ɗaya." Washegari, ana idar da sallar asuba, Nomau ya ɗauki kujera 'yar tsugunne ya shiga banɗaki ya sa sakata. Akwai wata 'yar taga a can sama, faɗinta bai wuce faifai ba. Ta nan haske ya shigo, siriri, ya sauka a kan masai, ya yi ta rarrafe har ya hau kwanon, ya gangara kan tayil. Nomau ya tallafe haɓa yana bin sa da ido. Ban da sallah ba abin da ke fito da shi.

Hansai ta ƙwanƙwasa. "Maigida, buɗe."

"Zuciyata ba ta kwanta ba tukuna."

"Maigida, ni mai ciki ce."

"Na sani. Saboda ke nake zaune."

Sau tara ta ɗauki buta ta shiga maƙwabta a ranar, har matan gidan suka shimfiɗa mata tabarma kusa da bayinsu don ta huta da zirga-zirga. Kwana uku ana haka. Mai injin niƙa ya aiko ko Nomau ya rasu ne ba a sanar ba. A rana ta uku ya fito idonsa a lumshe, kamar wanda ya dawo daga tafiya mai nisa. Hansai ta ce, "To, wanne ka zaɓa?" Ya ce, "Af, na manta da fentin. Amma kin sani, Hansai, da sassafe masan nan kamar furen bado yake a tafkin bayan gidanku. Da hantsi kwanon ya koma ganyensa. In la'asar ta yi kuma, tayil ɗin nan ba shi da maraba da hanyar da kike bi in za ki rafi." Hansai ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa. Ta daɗe tana kallon ƙofar banɗakin.

Wata rana tana kishingiɗe a tabarma tana kallon sama, ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, "Da za a yi bangon launin sararin saman nan, da na huta." Nomau ya ji. Damina ce kuwa. Da safe sama ta wayi gari shuɗiya garau, ya haɗa shuɗi ya shafe bango. Ya fito ya ɗaga kai don ya gwada, sai ya tarar fararen gizagizai sun shigo kamar garken tumaki. Ya koma ya zuba fari. Da azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, Nomau ya ruga shagon Isiyaku ya karɓo baƙi. Aka sheƙa ruwa, aka ɗauke, wani haske ruwan ɗorawa ya zubo a kan gari, ya bi shi. Kafin magariba sama ta yi ja, ya bi ta. Duk a kan ɗanyen fenti, wani bisa wani. Yana tsaye a tsakar gida da buroshi, fenti har cikin kunne, yana ce wa sama, "Ki tsaya mana wuri ɗaya." Da gari ya waye bangon ya koma kalar kunun kanwar da ya kwana, ga wari, Hansai ko ƙofar ba ta iya zuwa sai amai ya taso mata. Alhaji Mamuda ya leƙa sau ɗaya, ya toshe hanci da gefen babbar riga, ya ce, "Kankare shi tas, in ga simintina." Kwana biyu Nomau yana kankara da bakin tsohon cokali. Da ya koma shago, Isiyaku ya ɗaga hannuwa biyu ya ce, "Nomau, ni kam launukana sun ƙare."

Wata rana, Laraba ce, saura kwana biyu Inna Tabawa ta zo, Hansai ta jawo jaka ta soma ninke zannuwanta. Nomau ya durƙusa a bakin ƙofa yana kallon kowane zane yana shiga. Ya ce, "Akwai sauran dabara?" Ta share ido da gefen ɗankwali. "Bari kawai, Maigida. Sai dai in za ka ɗauko Rafin Kanya ka kawo mini cikin banɗakin nan."

Ya ce to.

Alhamis da sassafe aka neme shi aka rasa. Ashe ya hau motar ƙauye. Bai bi ta ƙofar surukansa ba saboda kunya, ya zagaya ta bayan gari har bakin rafi. Ya tsaya ya daɗe yana tunanin ta ina ake fara ɗaukar rafi. Daga baya ya yanke shawarar ya ɗebi abin da zai ɗauku, sauran ya dawo masa. Ya cika jarka da ruwan. Ya haƙi farar ƙasa buhu biyu a gindin kanyar da ke gaɓa. Ya ɗaure damin ganyen runhu, irin na wankan jego. Wani mai kamun kifi ya tambaye shi ina za shi da kaya haka, ya ce, "Funtuwa zan kai rafin, amma kaɗan-kaɗan." Mutumin ya ce Allah ya ba da sa'a, ya matsa da fatsarsa can nesa.

Da ya iso gida sai wata matsalar ta taso: ina zai ajiye ƙasar? Banɗakin ƙarami ne, in ya zube ta a ƙasa ba wurin tsayawa, kuma Alhaji ya hana shi komai sai bango. Don haka ya kwaɓa ta da ruwan rafin, ya yi ta ɗiba da tafin hannu yana manna wa bango, yana shafawa, yana zagayawa, har buhu biyun suka ƙare. Ganyen kuwa ya rataye shi a ƙusa. Kafin hantsin Juma'a bangon ya bushe. Ni na gan shi da idona. Ba fari ba ne, ba kuma rawaya ba, kamar kindirmon da aka ɗiga wa zuma, ga sawun tafin hannu layi-layi kamar yadda iska ke yi wa fuskar ruwa.

Inna Tabawa ta sauka bayan an sauko daga masallaci. Tun daga zaure take ɗaga hanci. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta gama sha ba ta ce, "An ce mini fenti ake ta yi. Kowane launi ne, ba zan bar mai jego da ɗanyen jariri cikin warin fenti da tururi ba. Ke, ɗauko jakarki." Nomau yana durƙushe a bayan ƙyaure, kansa a ƙasa. Hansai ta ce, "Inna, ki dai leƙa, tunda kin yi alkawari." Inna ta miƙe da ƙyar, ta tura ƙofar banɗakin da sandarta.

Hasken 'yar tagar nan yana kan tayil. Inna ta ɗauki buta ta yayyafa wa bangon ruwa, ƙamshin ƙasa ya tashi ya cika wurin, irin na ruwan farko. Ta sa farce ta ɓantari kaɗan ta ɗora a harshe.

"Wannan ta gindin kanya ce. Inda muke ɗiba muna 'yan mata."

Ta kifa bokiti ta zauna a kai. Ta dubi ruwan hodar, ta dubi koren, ta dubi ruwan goron, duk sun yi lamo a gindin farar ƙasa kamar dama tare aka halicce su. Ta shafa ganyen runhun da ke rataye. Can ta ce, "Da ƙasar nan uwata ta shafe mini ɗaki sa'ad da na haife ki. Tana shan tururi, ba ta wari. Wa ya koya masa?"

Hansai ta ce, "Ba wanda ya koya masa, Inna. Faɗa masa aka yi."

"To kwance jakar. A nemo mini babbar tukunya da itace. Ni zan zauna in yi miki wankan a nan."

Daga bayan ƙyaure aka ji Nomau ya ce to.

Kwana tara bayan haka Hansai ta haifi namiji. Ana gobe suna Alhaji Mamuda ya zo barka, ya leƙa banɗakinsa, ya ji daɗi ƙwarai da ya ga shafen da bokitin ruwa ɗaya zai wanke duk ranar da ya so. Yana juyowa sai ya ga wani ɗan kwaɗo zaune a bayan koren kwanon, wanda ashe a cikin damin ganye ya biyo Nomau.

"Wannan fa? Fitar da shi."

"Alhaji, ka ce in ba bango ba kada hannuna ya taɓa. Wacce zan bi, ta farko ko ta yau?"

Alhaji ya buɗe baki, sai Inna Tabawa ta amsa daga gindin murhu, "A bar shi. Ɗan garinmu ne."

Aka bar shi. Kullum da yamma in an juye ruwan zafi, tururi ya taso da ƙamshin ƙasa da na runhu, sai kwaɗon ya soma kuka daga lungunsa, Hansai ta lumshe ido tana ji kamar a bakin rafi take. Nomau kuwa yana zaune a tsakar gida da kwanon tuwo a gabansa, yana kallon sama tana canza launinta yadda ta ga dama. Har aka yi arba'in bai sha gari ko sau ɗaya ba.