Rasuwar Farantin Tagulla a Birmingham

Da zuciyar da baƙin ciki ya yi wa nauyi, ni Kubura Ja'afaru, ɗalibar digirin digirgir a Manchester, nake sanar da 'yan'uwa da abokan karatu rasuwar farantin bincikena, wanda ya cika ranar Laraba a wani ɗakin gwaji a Birmingham, yana da shekara uku a duniya.

Marigayin bai fi faifai girma ba. Da hannuna na murɗa siraran wayoyin tagulla, wasu dama wasu hagu, na dasa su ɗaya bayan ɗaya a cikin soso, har yatsuna suka yi kanta. Kowa ya shaide shi da haƙuri. Bango ko gilashi, in aka harba musu igiyar rediyo, sai sun maido da wani abu. Shi kuwa duk wadda aka aika masa sai ya bar ta ta wuce salin-alin, bai taɓa mayar da martani ba. Ranar da na'ura ta fara nuna haka, malamata Dakta Zoe, wadda yabo ke yi wa wuya, sai da ta nemi kujera ta zauna.

Ciwon ajali ya same shi a gidana na unguwar Fallowfield a Manchester, inda na ajiye shi ana gyaran ɗakin gwajinmu. Danshin bango ya shige shi, tagullar ta yi kore. Ya fara maido da igiya kaɗan-kaɗan, har ta kai kusan rabi. Maigidana Taufiq ya ɗauki hutu a wurin aiki ya kai mu Birmingham, ina rungume da majinyacin a kujerar baya. Masana suka sa shi a injin busarwa. Maganarsa ta farko ita ce ta ƙarshe: ƙas! Ya rabe biyu.

Ya rasu ya bar ni, da babi na biyar na kundin digirina wanda babu awon ƙarshe a cikinsa, da bizar da za ta ƙare kafin bazara, da Hajiyata a Kano wadda ta riga ta raba ankon bikin kammala karatuna. Dakta Zoe ta ce a haɗa wani. Ba ta faɗi inda za a samo shekarun ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar, a wurin zubar da tsofaffin ƙarafa na ƙaramar hukuma. Taufiq zai ja mota. Babu zaman makoki, amma masu gaisuwa na iya zuwa gida bayan la'asar, akwai shayi. Roƙona ɗaya ne: duk wanda ya fara kirana Dakta, don Allah ya koma Kubura.