Rasuwar Rateng, Babur ɗin Shugaban Tashar Ahero

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Jaduong Ogutu Nyamwaya, dattijo kuma shugaban 'yan acaɓa na tashar Ahero, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda dariya ce kawai za ta kawo su, rasuwar babur ɗinsa Rateng. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan gadar kogin Nyando, ɗauke da buhun shinkafa biyu da mace ɗaya. Shinkafar ba ta ji ciwo ba. Matar ma lafiyarta lau, sai dai bakinta bai rufu ba har yau.

Marigayin baƙi ne, ƙato, ba irin 'yan tsakin nan da yara ke hawa yanzu ba. Shekara ashirin da shida ke nan da ya baro hannun wani injiniyan kamfanin sukari ya dawo na Jaduong. Ya ratsa ambaliya, ruwa har cinya. Ya kai masu naƙuda asibiti, ya ɗauko akwatin gawa a gicciye bai karkace ba. Bai taɓa roƙon a tura shi ba. Taku ɗaya, sai ka ji dum-dum-dum, kamar babban mutum yana gyaran murya.

Kowa ya san ba kyan fuska ne ya ba Jaduong rigar shugabanci mai lamba ɗaya ba, kunnensa ne. Al'adar tashar ce, duk babur ɗin da zai shiga layi sai an tayar da shi a gabansa, ya ɗora tsinin sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya faɗi cutar da ke ciki. Wanda ya yi masa gardama ya koma ƙarshen layi na mako guda. Da haka gardama ta ƙare a Ahero, aka samu zaman lafiya, irin wanda ya kashe Rateng.

Ga yadda jinyar ta kasance. A cikin injin akwai wata sarƙa mai juya abin da ke ba babur wuta, akwai kuma ɗan ƙarfe mai tafin roba da ke tokare ta don kada ta saki. Tafin ya cinye, tokarar ta yi sanyi, sarƙa ta shiga dukan bangon inji. Marigayin bai ɓoye ciwonsa ba. Wata uku yana faɗa: da fari car-car-car, daga baya kwaras-kwaras.

Mahaya talatin da huɗu ne a tashar, kuma an duba, kowannensu kunne biyu gare shi. Otiende, mataimakin shugaba, kullum safiya sai ya rusuna ya ce ai muryar Rateng ko a coci sai haka. Abongo makanike ya rantse shi ya faɗa wa Jaduong cutar. An bincika an gano ya faɗa ɗin, a hankali, ta hannun hagu, bakinsa cike da rake.

Mutum ɗaya ce ta buɗe baki sosai: Nyar Alego mai sayar da ƙananan kifi a bakin tasha, wadda marigayin ke kaiwa kasuwa, kuma ita ce a bayansa ranar da ya cika. Tun mako biyu kafin nan ta daki kafaɗar Jaduong ta ce, "Jaduong, wannan tsohon naka fa kamar an zuba tsakuwa a gwangwani."

Ya ce mata kwanon kifinta ne ke ƙara.

"Yau ban ɗauko kwano ba, Baba."

Bai amsa ba. Waɗanda ke wurin suka ce girman kai ne. Jaduong ya gode musu da wannan kyakkyawan zato.

Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce ƙas. Da Abongo ya buɗe cikinsa, ya tarar sarƙa ta tsinke ta fasa bango, garin ƙarfe na ƙyalli a cikin baƙin mai kamar ɓawon kifi. Ya ɗago ɗan ƙarfen da ya jawo duk wannan, bai kai babban yatsa ba, ya ce da an kawo da wuri aikin safiya ɗaya ne. Wannan karon da ƙarfi ya faɗa.

Rateng ya rasu ya bar madubi ɗaya, hular kwano da ba ta taɓa sanin zufar fasinja ba, da marayu talatin da huɗu waɗanda bakinsu ya buɗe rana ɗaya, kowa na cewa shi tun watan Afrilu ya ji. Ya kuma bar wata doka da Jaduong ya kafa da bakinsa: marar babur ba ya riƙe riga. An ga Otiende jiya yana gwada faɗin kafaɗarsa a madubin wani. Allah ya sa ta yi masa daidai.

Jana'iza ranar Asabar. Tunda ba a binne babba a bakin titi, za a ɗora shi a a-kori-kura zuwa gida Awasi, babura na rakiya da ɗanyen ganye a ƙahonsu. Za a kwantar da shi dama da ƙofar ɗaki, yadda ake wa maigida. Akwai shayi da dafaffen masara da wake. A nan Jaduong zai tuɓe rigar ya ba duk wanda aka zaɓa. Sukundireba kuwa ba za ta bi riga ba, Nyar Alego za a danƙa wa. Daga Litinin duk mai sabon babur ya tayar da shi a gaban teburin kifi, ya tsaya ya ji gaskiya.

Masu rakiya su danna oda da ƙarfi. Mai ta'aziyya ya tsaya ta hannun daman Jaduong, ya ɗaga murya. Kunnen hagun ya riga Rateng tafiya da shekara biyu, sanarwa ce kawai ba a yi masa ba.