Rasuwar Ɗan Ja, Moton da Aka Yi wa Ƙazafi

Da zuciya mai nauyi da haƙarƙari biyu a karye, Rabilu ɗan kabu-kabu na garin Waca yana sanar da 'yan uwa da abokan tasha rasuwar motonsa, wato babur ɗinsa, Ɗan Ja. Ya cika ranar Laraba da azahar, a cikin kwazazzabon hanyar Magarya, ƙafarsa ta baya tana juyi a sama.

Shekara shida marigayin yana ciyar da gida. Ya ɗauki buhunan gyaɗa, ya ɗauki akuya da mai akuyar, ya kai masu naƙuda asibiti cikin yashi bai taɓa tsuke ba. Bugu ɗaya yake tashi, ya ce "tuf-tuf-tuf" a hankali, kamar dattijo mai gyaran murya.

Ciwon ajalinsa kuwa ba nasa ba ne. Tun kaka Rabilu ya bar fura ya koma lemun ƙarin ƙarfi na gwangwani, huɗu a yini, wata rana shida, cikinsa wayam, don kada fasinja ya wuce shi. Sai ya fara jin kan moto yana rawa a hannunsa, yana kuma jin wani "dim-dim" kamar inji na bugawa. Sau uku ya kai wa Usaini makanike, aka farke cikin bawan Allah, aka sake buji. Usaini ya ce, "Wallahi motonka ya fi ka lafiya." Rabilu ya ce ya raina sana'a.

Ranar Laraba, bayan gwangwani na biyar, idonsa ya rufe a kan gangara. Ɗan Ja ya jefa shi kan yashi, shi kuwa moton ya tafi ya rungumi dutse.

A asibiti malamar jinya ta ɗaura masa awo, ta dube shi ta ce, "Malam, hannunka ke rawa, zuciyarka ke bugawa. Ka ƙara gwangwani ɗaya, kai za a yi wa sanarwa." Don haka Rabilu yana neman gafarar marigayin a bainar jama'a.

Ɗan Ja ya rasu ya bar madubi ɗaya, da robar ɗaure kaya, da hular kwano da ba a taɓa sawa ba, da Hinda uwargidan Rabilu da 'ya'ya mata biyu da ba su san abin da za a ɗora gobe ba.

Za a kai gawar a amalanken jaki zuwa rumfar Usaini ranar Juma'a bayan sallah, inda za a raba sassanta. Zaman makoki a ƙofar gida. Hinda ta roƙi kowa ya zo da fura.

Ana kuma roƙon addu'a ta musamman, don jiya wani baƙo mai farar mota ya zo gaisuwa. Ya ce yana neman wanda zai riƙa kai masa katan-katan na lemun nan zuwa garin Dogo-Dogo: zai ba da sabon moto, da gwangwani uku kyauta kullum. Hinda ta ɗauko taɓarya. Rabilu dai har yanzu bai ce masa a'a ba.