Ramnon Ƙarfe

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so ma mutanen Kwandiko ba za su bar ni ba. Lokacin da kuɗin fetur ya fara yawo, wani ɗan kwangila ya samu aikin gina sito na taki a Birnin Kudu, ya naɗa ni heluman lebura. Dalili? Na yi aji huɗu, kuma ina da biro a aljihu (ba ya rubutu, amma ana ganinsa).

Cikin leburorin har da surukina, Baba Sale, tsohon maginin laka. Ranar da za mu zuba kankaren daɓe ya matso ya ce a hankali, "Malam Heluma, fili mai faɗi haka ba a sa masa ramno?" Wato yankakkiyar ciyawar da suke kwaɓa laka da ita. Na ɗaga murya don kowa ya ji: "Baba, wannan siminti ne, ba bukkar kaka ba!" Aka yi dariya. Uban matata fa.

To, cikin kayan da mota ta kawo daga Kano akwai buhunan gutsattsarin waya, sirara kamar allura. Na leƙa, na yanke hukunci: shara ce, Kanawa sun raina mu. Na sa aka juye su a rami.

Sati biyu daɓe ya tsattsage kamar tafki da rani. Injiniya ya zo daga Kano, ya durƙusa ya zura yatsa a tsaga.

"Ina wayar da na aiko?"

"Ranka ya daɗe, ai na share maka ita," na ce, har da murmushi.

Ya kalle ni, ya kalli biron. Ya ce kankare yana jan jiki in yana bushewa, wayar ce ke riƙe shi, in tsaga ta taso ta hana ta tafiya.

Baba Sale ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ramno ke nan?"

"Shi ne, Baba. Na ƙarfe."

Nan take aka ba Baba Sale heluma. Ni kuwa kwana uku ina cikin rami ina tsintar waya, surukina na tsaye a kaina yana cewa, "Sannu da aiki, ɗan boko."

Har yau Ramno ake kirana, jikokina ma sun ɗauka sunan yanka ne. Abin da na koya ɗaya ne: in jahilci ya taso maka, yi shi da ƙaramar murya.